Matakala Bakwai a Filin Slack Lane

Arnold Tordoff yana da shekara bakwai ranar da babansa ya fara kai shi filin Slack Lane, yana da hamsin da takwas ranar da aka rufe filin. A tsakanin nan, in ka cire wata biyun da ya yi kwance a asibiti bayan dutse ya faɗo masa a ƙafa a cikin ramin kwal, ƙungiyar zari-ruga ta garin Ossleby ba ta taɓa buga wasa a gida babu shi cikin 'yan kallo ba.

A Ossleby ta wancan zamanin, namiji ya cika shekara goma sha biyar sai ramin kwal, ran Asabar da rana kuma sai Slack Lane. Filin yana bayan tsibin tarkacen rami, dab da layin dogo. Ciyawarsa ba ta wuce watan Nuwamba, daga nan sai laka baƙa ƙirin, har ya zama in an dawo hutun rabin lokaci ba ka iya bambance rigar namu da ta baƙi, sai dai ka gane mutum da irin gudunsa. 'Yan wasan goma sha ukun kuwa ba wasu baƙi ba ne. Ƙaton da ka ga ya yi sama da mutum ya maka da ƙasa ran Asabar, shi za ka tarar a gefenka ran Litinin da asuba, ana zura ku cikin ƙasa a keji guda.

Wurin tsayuwar 'yan gidan Tordoff sananne ne: matakala ta biyar a ɓangaren layin dogo, inda ƙarfen jingina ya ɗan lanƙwashe. Nan babansu ya tsaya har ƙirjinsa ya hana shi fita. Nan kuma ya bar 'ya'yansa biyu, Arnold da ƙaninsa Clifford, wanda ya ba wa shekara huɗu.

Ba su yi kama ba ko kaɗan. Arnold siriri ne, ba ya son hayaniya, maganarsa ƙasa-ƙasa, amma bakinsa akwai gishiri. Clifford kuwa gajere ne mai faɗin ƙirji, da murya irin ta jirgin ƙasa in ya doso gada, sai dai in ka bar shi da kansa ba abin da zai faɗa da ya wuce "Ku kama shi!" Saboda haka suka raba aiki. Arnold ya sunkuya ya raɗa, Clifford ya cika huhu ya saki.

"Rafali! Matarka ta ce ka manta tabarau a kan tebur!"

Ko kuma in wani mai tumbi ya karɓi ƙwallo yana ta fama:

"Kai Barraclough, in gudun ya gagara ka jira bas!"

Ɓangaren layin dogo gaba ɗaya ya ɗauki dariya, wani lokaci har da shi Barraclough ɗin. Clifford ya waiga yana karɓar yabo, Arnold kuma ya buɗe fulas ɗinsa ya zuba shayi kamar ba shi ya ƙulla ba.

Wasan da Arnold ya fi ba da labarinsa shi ne na kofi a watan Fabrairun 1967, da aka haɗa Ossleby da wata babbar ƙungiya daga birni. Dusar ƙanƙara ta kwana biyu tana zuba, aka ce za a ɗage wasan. Da gari ya waye sai ga maza sun fi ɗari biyu a filin da shebur ɗinsu, wasu ko wanka ba su yi ba daga aikin rami. Suka kwashe ƙanƙarar, suka janye tattakar da aka shimfiɗa a kan ciyawar suka tara ta a bakin layi. Saura minti uku a tashi, baƙi suna gaba da maki biyu, wani ɗan siririn mai gudu da ake kira Dyson ya tsinci ƙwallo a tsakiyar fili, ya zille wa mutum uku, ya dangwala ta a kusurwa, ya wuce da ka cikin tsibin tattaka sai ƙafafunsa kawai ake gani. Clifford ya rungumi Arnold ya ɗaga shi sama, suka zame tare suka gangara matakala uku. Arnold ya rasa haƙori guda a ranar. Bai taɓa sa wani ba.

Duk su biyun sun yi aure a garin. Arnold ya auri Mavis, mai ɗinki a masaƙa, suka haifi 'ya mace. Clifford ya auri Beryl, suka daɗe ba su samu haihuwa ba, sai da ya doshi talatin da biyar Lorraine ta zo, 'yar ƙarama mai ciwon asma. Gidajensu layi biyu ne tsakani. Ran wasa Clifford ne ke biyowa ya ƙwanƙwasa taga da makulli ya ce, "Arnold namu, ka gama kwalliyar ko sai an tashi wasan?"

Sai yajin aikin 1984 ya zo. A watan Maris maza suka fito daga rami da niyyar ba za su koma ba sai an janye maganar rufe ramuka. Bazara ta wuce, kaka ta wuce, sanyi ya shigo ya tarar da gidajen masu haƙar kwal babu kwal. Mutane suka sare shingen lambunsu suka ƙona. Arnold yana cikin waɗanda ke tsayawa a ƙofar rami kowace safiya, kuma shi ke raba dankali a zauren ƙungiyar ƙwadago. Clifford ma ya tsaya tare da shi wata goma sha ɗaya cur. Amma a watan Janairu sau biyu ana kwasar Lorraine zuwa asibiti numfashinta yana sarƙewa, likita ya ce wa Beryl ɗakin yarinyar ya cika sanyi da danshi. Clifford bai gaya wa kowa abin da ke ransa ba. Wata Litinin a watan Fabrairu, Arnold yana tsaye a ƙofar rami da sauran maza, motar da ke ɗauko waɗanda suka koma aiki ta iso, tagoginta rufe da ragar waya, 'yan sanda gaba da baya. A kujera ta uku ya hango hular ƙaninsa.

Mazan suka ɗauki ihu suna dukan jikin motar. Arnold, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ko a filin wasa, ya kutsa har jikin tagar ya ce, "Maci amana!" Clifford bai sunkuyar da kai ba. Ya dube shi ta cikin ragar har motar ta shige.

Bayan mako uku yajin ya ƙare, kowa ya koma. Abin da ya fi cin Arnold ke nan. "Mako uku," yakan ce wa Mavis. "Ya kasa daurewa mako uku."

"Da 'yarka ce fa?" in ji Mavis.

"Da ya zo ya gaya mini. Da na sare ƙofar ɗakina na kai masa ya ƙona."

"To ai bai zo ba. Yanzu sai yaya?"



A Ossleby ba a yafe irin wannan. An fasa wa Clifford taga, an rubuta masa kalmar a bango da fenti, in ya shiga mashaya sai a yi tsit har ya fita. Mutane da yawa irinsa sun tattara sun bar garin. Shi ya ƙi tafiya, kuma ya ƙi barin Slack Lane. Wasan farko bayan yajin, Arnold ya zo matakala ta biyar ya tsaya tare da Eric Speight, abokin tsayuwarsa a ƙofar rami. Ana dab da farawa ya ji mutane suna matsawa a bayansa. Bai waiga ba. Da aka take wasa sai ya ji muryar daga sama, can kusa da allon maki, matakala bakwai tsakaninsu:

"Ku kama shi!"

Babu wanda ya taya. An bar masa fili ta ko'ina, shi kaɗai a tsaye kamar mai cuta.

Haka suka yi shekara goma sha biyu. Aka rufe ramin a 1989. Arnold ya samu aikin gadi a wata makaranta, Clifford yana tuƙa motar burodi. Mahaifiyarsu ta rasu, suka ɗauki akwatin gawarta, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba su ce wa juna uffan ba. In sun hango juna a titi, ɗaya ya tsallaka. Amma duk mako biyu Arnold yana jin muryar ƙaninsa na tsawon minti tamanin, kuma da ita yake sanin halin da yake ciki. In ya dawo gida yana cire takalmi sai ya ce, kamar da bango yake magana, "Mura yake yi." Wata rana kuma, "Ya ƙara ƙiba, numfashinsa ba ya kaiwa ƙarshen magana." Mavis ba ta taɓa tambayar wa yake nufi ba. Ita dai tana haɗuwa da Beryl a wurin wankin kaya ran Talata, abin da ba ta gaya masa ba, shi ma bai nuna ya sani ba.

Ɓangaren layin dogo ya rage armashi. Arnold yana ci gaba da raɗa maganganunsa, amma Eric Speight kurma ne a kunne ɗaya, sai dai ya ce "Me ka ce?" Sau ɗaya tak abin ya dawo. A wani wasa cikin ruwan sama, 'yan kallo ba su kai ɗari takwas ba, rafalin ya hana Ossleby ci a fili ƙarara. Wuri ya yi shiru, sai Arnold ya ce da ɗan ƙarfi, ba da niyya ba, "Wannan ko a bikin aurensa sai ya ce amarya ta yi satar gida." Daƙiƙa biyu ba a yi ba sai ga ta daga sama, da cikakkiyar murya, kalma bayan kalma. Mutane suka tuntsire da dariya kafin su tuna wanda ya faɗa. Arnold ya zuba shayi har ya zube masa a takalmi.

A 1997 aka sanar cewa an sayar da filin. Rufin ɓangaren zama ya ruɓe, bangon baya ya tsage, kulob ɗin ba shi da ƙarfin gyarawa. Za a gina gidaje a wurin, ƙungiyar kuma za ta koma wani sabon fili da za ta yi tarayya da 'yan ƙwallon ƙafa a wani gari, tafiyar bas biyu.

Ran wasan ƙarshe, wata Lahadi a watan Satumba, Mavis ta goge masa riga ta tsaya a bakin ƙofa.

"Arnold, daga yau ba ku da inda za ku haɗu. Ka sani ko?"

"Wasa zan je kallo, Mavis."

"Na san wasa za ka je kallo. Matakala bakwai ce. Ko da ƙafarka mai ciwo ba ta fi ƙarfinka ba."

Filin ya cika irin cikar da bai yi ba shekara ashirin. 'Yan badujalar tsohon rami suka yi busa, tsofaffin 'yan wasa suka zaga fili, har da Dyson, yanzu da sanda da sanƙo. Ossleby ta sha kashi da maki goma sha huɗu, ba wanda ya damu. Ana busa tashi jama'a suka tsallake shinge suka cika filin. Masu kuka suna yi, masu kwance alluna da sukurdireba suna yi, wasu suka durƙusa suna yankan ciyawa da ƙasarta don su kai gida su dasa.

A nan Arnold ya gan shi, dab da kusurwar da Dyson ya ci a 1967. Clifford yana durƙushe da wuƙar cin abinci yana ta kartar ƙasa, ya yi furfura, wuyansa ya yi ja, yana haki. Arnold ya daɗe a tsaye. Sannan ya taka ya je, ya zaro wuƙarsa ta aljihu.

"Ba haka ake yi ba. Matsa."

Clifford ya ɗago. Ya matsa. Arnold ya durƙusa da ƙyar, ya yanka murabba'i mai kyau, ya zura wuƙar ta ƙasa ya ɗago shi da saiwarsa, ya ɗora a kan jaridar da ƙaninsa ya shimfiɗa.

"Ka ba ta ruwa da yamma. Kar ka sa ta a rana."

"To." Clifford ya share hanci da bayan hannu. "Ka tsufa, Arnold namu."

"Kai ka ga kanka?"

Clifford ya yi 'yar dariya, ta zame masa tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Lorraine ta haihu. Namiji."

"Na ji."

"Za ka riƙa zuwa sabon filin?"

Arnold ya buɗe baki ke nan sai ya ji an kira sunansa. Eric Speight ne da wasu mutum uku na ƙofar rami, suna tsaye a ƙarƙashin sanduna za a ɗauke su hoto. Kallonsa kawai suke yi, suna kallon wanda ke durƙushe a gefensa. Arnold ya ji fuskarsa ta yi zafi. Ya ninke wuƙar ya miƙe.

"Ban sani ba tukuna," ya ce, ya tafi wurin hoton. Da aka gama ya waiwaya, kusurwar ba kowa sai ramin ciyawar.

Sabon filin sau ɗaya ya je. Kujeru ne na roba masu lamba, an hana tsayuwa, ana ta sakin kiɗa a lasifika har mutum ba ya jin na kusa da shi. Ya zauna tsakanin baƙin fuskoki, ya kasa kunne har aka tashi, bai ji abin da yake saurare ba. Ya dawo ya ce wa Mavis, "Ba wurinmu ba ne," ya rataye ƙyallen wuyansa mai launin ƙungiya a bayan ƙofa. Kafin Kirsimeti motocin rusau sun gama da Slack Lane. Ya canja hanyar zuwa aiki don kar ya bi ta wurin.

Ya sha cewa zai je gidan Clifford. In sanyi ya wuce, in ƙafar ta yi sauƙi, in an gama fentin kicin. Layi biyu ne. Wata safiya a watan Nuwamban 1998 Mavis ta dawo daga wurin wanki ba ta ko ɗauko kayan ba, ta zauna a kujera da kwat ɗinta a jiki. Zuciyar Clifford ta tsaya yana loda burodi a mota. Shekararsa hamsin da biyar.

Mutum goma sha tara ne a cocin. Arnold ya zauna a layin baya. Bayan an binne Clifford, Beryl ta ratso mutane ta zo ta tsaya a gabansa, ba hawaye a idonta.

"Ka zo ke nan."

"Beryl, ni..."

"Tsaya in gaya maka, don ba zan sake faɗa ba. Kakar wasan nan gaba ɗaya bai fasa zuwa sabon filin can ba. Ba son wurin yake ba, cewa yake kamar asibiti. Kowane wasa sai ya sayi tikitin wani ɓangare daban. Na ce masa, Cliff, me ya hana ka zama wuri ɗaya? Ya ce bai san ɓangaren da Arnold zai zaɓa ba."

Arnold ya riƙe hularsa da hannu biyu. 

"Ranar da ka je ma ya ji labari daga baya. Yana can ɗaya gefen. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba."

Ta juya ta koma wurin Lorraine.

Mavis ta ce mako guda ya yi ba ya fita ko ƙofar gida. Ran na takwas ya ɗauki tsani da akwatin kayan aikinsa ya tafi gidan Beryl, don ya lura tun ranar jana'iza cewa indararon gidan ya ɓalle. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya jingina tsanin ya hau ya gyara, ya sauko ya tafi. Mako na gaba ya dawo ya ɗaure ƙofar lambu. Beryl tana ganinsa ta taga. Sai a zuwa na biyar ta buɗe ƙofa ta ajiye masa kofin shayi a kan dakali, ta mayar ta rufe.

Eric Speight ya tare shi a titi ya ce, "An ce kana yi wa gidan can aiki."

"Gidan ƙanena ne," in ji Arnold. "Kana da magana?"

Eric ya ce ba shi da ita. Daga ranar ba su ƙara zama teburi ɗaya ba.

Shekara biyu yana shan shayinsa a dakali, rani da sanyi. A ta uku, wata rana ana tsuga ruwa, Beryl ta buɗe ƙofa ta dube shi ya jiƙe sharkaf, ta ce, "Shigo kafin ka mutu a ƙofata mutane su ce ni ce. Goge ƙafarka." Ya shiga ya zauna a bakin kujera. Ba su yi maganar Clifford ba ranar, kuma Beryl ba ta taɓa ce masa ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Ya ci gaba da zuwa duk Alhamis har ƙafar ta kai shi ƙasa.

Ya rasu a 2012, shekara guda bayan Mavis, a gidan 'yarsa. Beryl ta zo jana'izar da Lorraine, suka zauna a layi na biyu tare da dangi.